Tatsuniyar Tuluna da Na Bari a Rataye

Bayan azahar aka ba ni. Duk wanda ya san Maraɗi da bazara ya san abin da ake nufi da a tara matasa a wannan lokaci ƙarƙashin rufin kwano, a ce za a koya musu tatsuniya da almara. Masu koyar da lissafi da shari'a sun kwashe safiya, ni aka bar mini lokacin da ko akuya ba ta son motsi. Darasin kuma ba dole ba ne, wanda ya ga dama shi ke zuwa. Shekarun farko ina shiga babban ɗakin nan da muke kira amfi in tarar benci ya fi mutane yawa. Waɗanda suka zo ɗin ma rabi na gyangyaɗi, rabi sun sunkuyar da kai kan salula. Ni kuwa in tsaya gaban allo ina karanta musu rabe-raben adabin baka da Faransanci, muryata na dawo mini daga bango. In koma gida unguwar Zariya da ciwon kai da ɓacin rai, in huce a kan 'ya'yana da ba su ji ba ba su gani ba.

Akwai wani dogon saurayi ɗan Tsibiri da ke yin kabu-kabu tsakanin darasi da darasi. Kullum yana bencin baya, makullin babur a yatsa yana kaɗawa, kamar mai jiran a ce a tashi. Wata rana an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, fanka ta tsaya, gumi na bin bayana, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Madam, tsakani da Allah, in mutum ya gama wannan karatu, wace ma'aikata ke ɗaukar mai tatsuniya?"

Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, don ni ba ni da haƙurin raini. Na rufe littafin na ce masa, "Ma'aikatar da ta ɗauki kakarka, ta rene ka har ka yi bakin da za ka tambaye ni." Aka ƙara dariya, wannan karon shi ake yi wa. Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ajiye alli, na zauna a bakin tebur na ce, "Ga ta nan, ga ta nan ku."

Can sai shi ɗan Tsibirin ya ƙanƙance murya kamar ta yaro, don shaƙiyanci, ya ce, "Ta zo mu ji ta."

Tunda an amsa, dole in bayar. Na kama ta kurar da ta shiga rumbun gero ta ci har ƙofa ta yi mata kaɗan. Ban kai ƙarshe ba lokaci ya ƙare, wani malami ya tsaya bakin ƙofa da ɗalibansa yana duba agogo. Na tattara takarduna na fita, na bar kura a cikin rumbu. Mako na zagayowa na tarar da fuskokin da ban taɓa gani ba, wata ɗaliba tun ban ajiye jaka ba ta ce, "Madam, kurar nan fa?"

Daga nan na mai da shi hanyar aikina. In faro tatsuniya, in kai ta daidai inda numfashi ke tsayawa, in yanke. Mako mai zuwa in ƙarasa, sannan mu zauna mu feɗe ta: me ya sa ƙaramin ɗa ke cin nasara, me ya sa tsohuwar da ke bakin rafi ke gwada mutum da aikin ƙazanta kafin ta ba shi alheri. Suna musu har jijiyar wuya ta tashi. Masu cewa tatsuniya ƙarya ce, aikin mata da yara, su ne suka koma zama a bencin gaba don su samu abin ƙaryatawa. Ban damu ba, tunda dai sun zo. A karon farko na ji ina son aikina.

Tatsuniyoyin nan duka na mutum ɗaya ne. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni a Jiratawa tun ina ƙarama bayan rasuwar mahaifiyata. Maginiyar tukwane ce, hannunta kullum da yumɓu har cikin farce. Da rana ba ta da fara'a, in ka taɓa mata ɗanyen tulu sai ka ji a jikinka. Amma in an ci tuwo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai ta zama wata mata daban. Abin da na tara a kaina daga bakinta shi na dinga rabawa a amfi, ina yanka shi biyu-biyu. Da zangon karatu ya doshi ƙarshe, na duba na ga rumbuna ya kusa ƙarewa. Saura guda ɗaya, wadda na fi so duk cikinsu, wadda kuma ban san ƙarshenta ba.

Ga yadda take. An yi fari a wani gari, gulbi ya ƙafe. Ɗiyar wata maginiya ta tafi tonon ruwa a cikin yashi, ta yi ta tono har ta faɗa wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. A ciki ta iske wata tsohuwa zaune tsakiyar tuluna jere, kowanne an rufe bakinsa da faifai. Tsohuwar ta ce mata, a ɗaya akwai ruwan saman garinku, a ɗaya akwai hawayen mutanen garinku, a ɗaya akwai abin da ya ɗauke uwarki. Ɗaya za ki ɗauka, ba a buɗewa sai a gida. Sai yarinyar ta bi tulunan tana ƙwanƙwasa cikin kowanne tana waƙa:

Tulun inna, me ka ɓoye?

Tulun kuma ya amsa:

Taɓa ni sannu, ɗiyar mai yumɓu.

A nan matsalar take. Gwaggo ba ta tsallake tulu ko ɗaya. Kowanne sai an yi masa waƙarsa, tana buga gwiwarta da tafin hannu, mu yara muna amshi, murya na ƙara yin ƙasa. Ni kuma mai saurin barci ce. Duk ranar da aka yi wannan tatsuniya, ina kaiwa inda yarinyar ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai dai in farka da safe a ɗaki. In na tambaya da rana, Gwaggo ta kore ni da ludayi. Da na girma na tafi makarantar kwana, sai abin ya bi ruwa.

Na ce a raina, Jiratawa ai nan ce kusa. In ba su rabinta ranar Talata, Asabar in je in karɓo sauran. Haka na yi. Ban taɓa ganin amfi kamar ranar ba. Na koya musu amshin, manyan samari masu gemu suna buga benci suna cewa taɓa ni sannu, har mai gadi ya leƙo ta taga. Na kai yarinyar gaban tuluna, na miƙa hannuna a iska kamar yadda Gwaggo ke yi, na ce sai mako mai zuwa. Suka tashi suna gardama a kan wanda za ta ɗauka. Ɗan Tsibiri ya rantse na uwarta za ta ɗauka, ya ce wane mahaukaci zai bar uwarsa ya ɗauki ruwa.

Asabar da hantsi na isa. Na iske Gwaggo zaune a inuwar ɗakinta, kusa da ramin da take gasa tukwane da can, wanda yanzu kaji ke tono a ciki. Ta rame fiye da yadda na bar ta da sallah. Muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara, na ba ta goro da sabulu. Can ta sake tambayar maigidana, na sake amsawa. Ban kawo komai a raina ba. Da na ga ta sake, na matsa kusa na ce, "Gwaggo, tatsuniyar nan ta yarinya da tuluna, wanne ta ɗauka?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tatsuniya da rana tsaka? Ke da karatunki duka ba ki da hankali? So kike in ɓace a kasuwa?"

Haka aka rene mu da shi, wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓace a kasuwa. Ni da nake yin ta bayan azahar ina karɓar albashi a kai, na ce mata ba tatsuniyar nake so ba, ƙarshen kawai, kalma ɗaya. Ta ce ƙarshen ba tatsuniya ba ne? Ta juya kai ta ci gaba da jan carbinta.

Na ce to zan jira magariba. Sai ɗanta, wanda nake kira Yaya, ya ja ni zaure. Mutum ne mai tsananin riƙo da addini, gidan kuma yanzu a hannunsa yake. Ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Tsohuwa ta kama carbi tana shirin gamuwa da Ubangijinta, ke kin zo ki mai da ta kan ƙarairayin da. A gidan nan an bar wannan." Na ce masa da waɗannan ƙarairayin aka yaye shi, ban ga sun hana shi zama malami ba. Muka yi musayar magana mara daɗi. Na ɗauki jakata na hau mota na dawo Maraɗi, ko sallama ban yi masa ba.

Talata ta zo, amfi ya cika har da masu tsayuwa. Na yi ta kewaye-kewaye. Na ce kafin mu ji ƙarshe, kowa ya je gida ya tambayi tsofaffinsa, mu ga ko akwai wanda ya san ta. Suka yi gunaguni, amma suka tafi. Abin da suka dawo da shi ya fi komai karya mini zuciya. Wasu sun ce kakanninsu sun rasu. Wasu sun ce an yi musu dariya, an ce a kunna talabijin. Wata ta ce kakarta ta fara, sai ta ɓuge da ba da labarin wani fim. Ɗan Tsibiri ne kawai ya wahalar da kansa. Ya hau babur har ƙauyen kakarsa ta wajen uwa, cikin Anna masu riƙe da al'adun da, inda nake zaton ba abin da ya ɓace. Ya ce tsohuwar ta gane waƙar, har ta yi amshi, amma ta ce wannan ta maginan Jiratawa ce, su ke da ƙarshenta, ita ba ta shiga kayan mutane.

Na koma Jiratawa a ɓoye, ban biya gidanmu ba. Na bi gidajen maginan da na sani tun ina yarinya. Wadda na tambaya, a ce ta rasu bara. Wadda na tambaya, a ce tana wurin ɗanta a Najeriya. Matasan da ke ginin yanzu suka ce su da rediyo suke aiki. Guda ɗaya na samu, sa'ar Gwaggo, ta kurumce. Da na yi ta ɗaga murya har ta gane, sai ta ce, "Ai gwaggonki ce mai wannan. Mu ma wurinta muke ji."

Maigidana ya ga na daina cin abinci sosai, ya ce, "Ke fa kina da wahalar da kai. Ƙirƙiro mata ƙarshe mana. Wa zai sani?" Na gwada, Allah ya sani na gwada. Na sa ta ɗauki na ruwa, gari ya tsira, sai na ji kamar wa'azin rediyo. Na sa ta ɗauki na uwarta, sai na rasa abin da zan sa a ciki. Duk wanda na ƙera, in na faɗe shi a bakina, sai in ji shi kamar bokitin roba a jeren tuluna. Kuma ba don ɗalibai kaɗai nake nema ba, wannan na gane shi tun a motar dawowa daga Jiratawa. Ni ce nake son in san abin nan na cikin tulu da ya ɗauke uwar yarinyar. Tun ina kan tabarmar nan nake son sani.

Na ja su mako bayan mako da wasu darussa. Suka fara raguwa. Wata ɗaliba ta ce a bayana, da ƙarfi don in ji, "Madam ma ba ta san ƙarshen ba." Ban juya ba.

Ana cikin haka Yaya ya kira ni, shi da bai neme ni ba tun ranar zaure. Ya ce Gwaggo ta fita ranar kasuwa ba wanda ya gani, aka yi ta nema, sai da la'asar sakaliya wasu masu lambu suka same ta zaune bakin hanyar ruwa cikin zogale, rungume da wani sabon tulu da ba a san inda ta ɗauko shi ba. Ta ce musu gidan ubanta take nema, an canza mata hanya. Matar da ba ta taɓa yin tatsuniya da rana ba, ita ce ta ɓace a kasuwa. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai yawa.

Ya ce lokotoro ya duba ta a asibiti, ya ce tsufa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba magani, sai dai a dinga yi mata hirar abubuwan da ta saba. Sannan ya ce, "Ki zo ki kwana. Ki yi mata duk abin da kike so."

Na je. Bayan an yi magariba aka ci tuwo, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, wurin da muke zama da can. Matar Yaya ta kamo ta ta zaunar. Ta dube ni ta kira ni da sunan mahaifiyata, ban gyara mata ba. Yaya ya zauna nesa a kan turmi, ya yi kamar yana duba salula. Dabarata ita ce in faro mata, in ta hau hanya sai in sakar mata ta ƙarasa da kanta.

Na ce, "Ga ta nan, ga ta nan ku."

Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Na fara. Fari, gulbi, yarinya na tono. Tana gyaɗa kai. Da na ce tsohuwar ta rufe tulunan da ƙwarya, don in gwada ta, sai ta daka mini tsawa irin ta da, ta ce, "Da faifai. Wa ke rufe tulu da ƙwarya?" Na ce a raina alhamdulillahi, tana nan. Na shiga waƙar. Hannunta ya tashi da kansa ya fara buga gwiwa, ta karɓi amshin da muryar nan da na sani, ta tsufa amma ba ta kauce ba. Ban tsallake tulu ko ɗaya ba. Na ji wata murya ta shigo amshin daga wajen turmi, ƙasa-ƙasa, ban waiwaya ba don kada ya ji kunya.

Na kai yarinyar gaban tuluna. Na miƙa hannu. Na tsaya ina kallon bakinta.

Ita ma tana kallon nawa. Ta matso, idonta a buɗe kamar na ɗalibaina, ta ce, "To, sai ta ɗauki wanne?"

Na ce, "Gwaggo, ke za ki gaya mini. Taki ce."

Ta ce, "Ni? Ina na taɓa jin ta? Ƙarasa mana, kada ki bar ni a rataye."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ta kama zanena tana ja, tana cewa in ƙarasa, in ƙarasa. Abin da na ƙi yi wa ɗalibai, shi na yi mata. Na ce yarinyar ta ɗauki tulun ruwa, ta kai gida ta buɗe, hadari ya haɗu, aka yi ruwa, gero ya yi kyau, kowa ya ƙoshi. Na faɗe shi da duk iyawata, har da kwaikwayon tsawa.

Ta saurara har na gama. Ta saki zanena. Ta girgiza kai ta ce, "A'a. Ba haka ba ne."

Na kama hannunta na ce, "To yaya ne, Gwaggo? Don Allah, yaya ne?"

Bakinta ya yi motsi, na kasa kunne har ina jin numfashinta. Ta ce, "Ban sani ba. Amma ba haka ba ne." Sai ta ce a kai ta ɗaki, sauro na cizonta.

Na sake gwadawa da na koma bayan mako guda, na sake gwadawa bayan wannan. Kullum tana amsawa, tana amshi, tana tambayata wanne. Daga baya amshin ma ya tafi.

Darasin ƙarshe na zangon, ɗalibai kaɗan suka zo. Na gaya musu yadda abin yake, ban ɓoye komai ba. Na yi zaton za su yi mini dariya, da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya yi. Ɗan Tsibiri ya daina kaɗa makullinsa ya ce, "Madam, to ko ƙurunƙus ɗin ki ce mana, a rufe ta." Na ce ba a rufe wadda ba ta ƙare ba. Muka tashi kafin lokaci ya cika.

Gwaggo ta rasu da damina, ana tsakiyar noma. Har yanzu ina koyar da darasin, har yanzu bayan azahar, kuma amfi ya koma yadda na same shi, don na daina yanke tatsuniya. In na faro sai na kai ƙarshe a zama ɗaya, ko da malamin da ke bayana zai shekara a bakin ƙofa. Ta tuluna kuwa ban sake ba kowa ba.

Ɗan Tsibiri ya gama karatu, bai samu aiki ba, yana nan yana kabu-kabu. Nakan gamu da shi a bakin babbar kasuwa, ya ɗauke ni zuwa Zariya ya ƙi karɓar komai. Ba ma doguwar hira. Sai mun kusa gida yake ɗan juyo da kai ya ce, "Madam, ta ɗauka?"

In ce masa, "Tukuna."